Monita bai yi ƙara ba, alhali jini na zuba a ciki

Dakta Hadiza
Assalamu alaikum. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan tunda akwai iyayenmu da malamanmu a gidan.

Yarinya ce 'yar shekara 22, haihuwar fari. Jijjiga ta kama ta, aka yi mata tiyata da la'asar aka ciro jaririn, aka turo mana ita ICU, sashen kulawa ta musamman. Ni ke dutin dare. Gado shida duk a cike, ga wani dattijo a kan na'urar numfashi da ya ɗauke mini hankali kusan duk daren. Amma duk sanda na gifta ta gadonta sai na ɗaga kai na dubi monita, allon da ke nuna awon jikin mara lafiya. Ƙarfe 8 bugun zuciya 88, BP, wato awon hawan jini, 150/98. Ƙarfe 10 bugu 96, BP 138/90, na ce alhamdulillahi magani ya fara kamawa. Ƙarfe 12 bugu 104. Ƙarfe 2 bugu 112, BP 120/84. Oksijin 99 tun farko har ƙarshe. Monita bai yi ƙara ko sau ɗaya ba. Fitsari ya ragu a leda, na ce ai ƙodar mai jijjiga ta saba yin haka.

Wajen uku da rabi nas ɗin da ke kula da ita ta zo ta tsaya a kaina, ta ce, "Likita, don Allah zo ki ga takardar nan." Kowace awa tana ɗiga awon da biro, tana haɗa ɗigon da layi. Layin bugu yana hawa, layin lambar sama ta BP yana sauka, har sun gamu sun tsallake juna: bugu 118, BP 112/80. Na ja fatar idon yarinyar, fari fat. Tafin hannu sanyi ƙalau, ciki ya ɗan tasa. PCV, wato awon yawan jini, da yake 33 kafin tiyata ya koma 19. Aka koma da ita ɗakin tiyata, aka tarar jini ya taru a ciki, aka ɗaure inda yake zuba, aka ƙara mata leda huɗu. Da sauran kwananta, ta koma gida da ɗanta.

Na kalli allon nan aƙalla sau bakwai a daren, kuma babu lambar ƙarya ko ɗaya da ya nuna mini. Me ya sa abin da biro ya nuna mini nan take, allo bai nuna mini ba cikin awa bakwai? Idona ne, ko yadda aka tsara allon?

Sista Rabi
Wa alaikumus salam 'yata. Ki gaida mini nas ɗin nan, Allah ya yi mata albarka. Shekarata 27 a aikin nan, 14 daga ciki a ICU. Monita abin da ke faruwa yanzu-yanzu yake gaya miki, bai san ɗazu ba. 118 ita kaɗai ba ta ba ni tsoro, mai zazzaɓi yana kaiwa, mai jin zafin ɗinki ma yana kaiwa. Wadda ke ba ni tsoro ita ce 118 da ta taso daga 88 tana hawa ba ta taɓa juyowa ba. Ke kina zuwa kina tafiya, kowace lamba da kika gani tana kusa da wadda kika bari, sai ido ya saba. Ita kuwa nas, hannunta ne ke sa kowane ɗigo, dole ta ga na baya kafin ta sa sabo. Shi ya sa har gobe nake rigima da masu cewa a daina takarda tunda an kawo kwamfuta.

Injiniya Bashir
Hajiya, a yi mini afuwa, monita ya san ɗazu. Gyaran na'urorin asibiti ne sana'ata, kuma kusan duk monitan da na taɓa buɗewa yana ajiye awo na yini guda ko fiye. Akwai maɓallin da idan aka taɓa zai zano layin nan da nas ta zana da biro. Sai dai yana ɓoye a bayan shafi biyu ko uku, kuma na sha zuwa sashe in tarar shekara guda babu wanda ya taɓa buɗe shi. Ga kuma namu ciwon: a ɗauke wuta, batirin monita ya riga ya mutu, kafin janareta ya tashi wasu sun goge abin da suka ajiye, agogonsu ya koma wata shekara daban.

Abu na biyu, Dakta, ki lura da launi. Lambar bugun zuciya kore ce a yawancin monitoci, amma wannan koren ba ya nufin lafiya, launin layin ECG ne kawai, wato zanen bugun zuciya. 70 kore ce, 118 ma kore ce. Mu kuwa mun taso da fitilar titi, da ido ya ga kore sai zuciya ta kwanta. Sannan iyakar ƙararrawa, yawancin waɗanda nake gani a kan 50 zuwa 120 aka baro su tun daga kamfani. Yarinyarki ta tsaya a 118. Saura biyu.

Dakta Hadiza
Wallahi Injiniya na duba washegari, 120 ɗin ce.

Malam Dakta Sani
Hadiza, na gode da kika kawo wannan a fili, ba kowa zai iya ba. Amma ba zan bari a ɗora wa allo kayan duka ba. Tun kafin ki kalli monita kin riga kin san sunan cutar: jijjiga. Daga nan duk abin da ya zo sai kika sa shi a wannan kwandon. BP ya sauka, magani ne. Fitsari ya ragu, ƙoda ce. Bugu ya hau, zafin ɗinki ne. Kowane bayani daidai yake shi kaɗai, sai an haɗa ukun ake ganin cuta guda ce ke bayaninsu duka. Mace mai ƙuruciya tana iya rasa jini mai yawa BP ɗinta bai faɗi ba, domin jijiyoyinta na matsewa. Wadda kuma ta fara daga 150, to 112 a wurinta ba lafiya ba ce, faɗuwa ce ta kusan 40.

Ina tambayarki kamar yadda nake tambayar kowa a zagayen safe: a cikin sau bakwai ɗin nan, sau nawa kika taɓa ta? Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Da kin riƙe tafin hannunta ƙarfe 12, ina kyautata zaton da kin ji sanyin.

Dakta Hadiza
Sau ɗaya Malam, da aka shigo da ita. Na karɓi wannan.

Dakta Nura
Ranka ya daɗe, ba na musun maganarka, a hannunka na koyi taɓa mara lafiya. Amma likita ɗaya, gado shida, ƙarfe biyun dare, ba za a gina tsaro a kan cewa ba zai taɓa gajiya ba. Yadda aka jera bayani a gaban mutum yana canja abin da zai gani, kuma an auna wannan.

A asibitin Mayo da ke Amurka, su Brian Pickering da Vitaly Herasevich sun tsara wani allo na ICU da ke tace bayanai, ya jera su gaɓa-gaɓa: na zuciya wuri ɗaya, na huhu wuri ɗaya, na ƙoda wuri ɗaya. A binciken da suka fitar a 2011, likitoci 20 sun yi aiki iri ɗaya da allon asibiti na yau da kullum da kuma sabon. Tsohon yana zuba wa likita bayani kusan 1,000 a kan mara lafiya guda, sabon kusan 100. Lokacin aikin ya sauka daga daƙiƙa 145 zuwa 93, kurakurai kuma suka ragu sosai. Likitocin nan su ne dai, iliminsu bai ƙaru ba tsakanin allo da allo.

A nan Ingila inda nake aiki, takardar awo kanta an yi mata tsari. Tun 2012 ƙungiyar likitoci ta Royal College of Physicians ta fito da NEWS, tsarin makin gargaɗi da wuri, aka sabunta shi a 2017. Ana ba da maki a kan numfashi, oksijin, BP, bugu, zafin jiki da hayyaci, a tara. Maki 5 a kira likita da gaggawa, 7 a kira tawagar ceto. Takardar tana da launi, idan ɗigonka ya faɗa cikin launi ka san ka fita daga gona. Masu ciki da masu jego ba a yi musu da NEWS, nasu daban ne, MEOWS.

Malam Dakta Sani
To Nura, ɗauki takardar taka ka sa lambobin yarinyar nan, ko da ba don masu jego aka yi ta ba. Lambar sama 112 maki nawa ce? Babu ko ɗaya, domin daga 111 zuwa 219 sifili ne. Oksijin 99 sifili. Bugu 118 maki 2. Ka ga ita ma iyaka take kallo, ba ta kallon daga inda mutum ya taso.

Kuma tunda bincike ake kawowa, ga wani. A Edinbara, sashen jarirai, an fitar da shi a 2005. An ba likitoci da nas-nas bayanin jarirai ta hanya biyu: zanen layukan awo a allo, da kuma 'yan layukan rubutu da wani ƙwararre ya taƙaita abin da ke faruwa. Sun fi zaɓar matakin da ya dace idan rubutun suka karanta, alhali da aka tambaye su zanen suka ce sun fi so. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, zane ma sai an fassara shi. Abin da ya ceci yarinyar nan mutum ce da ta kalli zanen, ta gane, ta taka ta zo ta yi magana.

Dakta Nura
Gaskiya ne Malam, makin ba zai kama ta da wuri ba. Amma rubutun nan na Edinbara ai shi ma hanyar nuna bayani ce. Maganata ke nan, lambobi iri ɗaya, an sauya musu riga, hukunci ya sauya.

Issoufou daga Damagaram
Salamu alaikum, ina biye da ku. Mu nan monita biyu gare mu a sashen, sai a sa wa wanda ya fi jin jiki, sauran da hannu ake auna su. Abin da muke koya wa sajfam, wato ungozomomi, da sababbin ma'aikata abu ɗaya ne: in bugun zuciya ya kai lambar sama ta tansiyo, wato BP, ko ya wuce ta, a bar komai a kira likita. Raba bugu da lambar sama ke nan. Mai lafiya yana tsakanin 0.5 da 0.7. Na lissafa na yarinyarku: ƙarfe 8 tana 0.6, ƙarfe 10 tana 0.7, ƙarfe 2 ta wuce 0.9, uku da rabi ta wuce 1. Lambobin biyu suna kan allon, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, allon bai haɗa su ba.

Dakta Nura
Issoufou ka taɓo inda nake so. Masu bincike na King's College a Landan sun yi wata na'urar awon BP, CRADLE, don masu ciki a ƙasashe irin namu. Ita ke yin wannan lissafin da kanta, ta kunna fitila: ruwan ɗorawa daga 0.9, ja daga 1.7. A nan launin yana da ma'ana, ba kamar koren da Injiniya ya faɗa ba. Sai dai in faɗi gaskiya, babban gwajin da aka fitar a 2019 bai iya tabbatar da cewa ta rage mace-mace ba. Fitila ba ta kawo jini, ba ta kawo motar asibiti.

Zainab ɗaliba
Don Allah malamai a taimaka mini, ina aji biyar. Ta yaya mace ta rasa jini haka amma oksijin yana 99?

Malam Dakta Sani
Tambaya mai kyau Zainab. Abin yatsan nan da ke auna oksijin ba ya ƙirga yawan jini. Yana gaya miki ne cikin abin da ya rage, kashi nawa ke ɗauke da oksijin. Motoci goma a tasha duk sun cika, kashi 100 ne. Saura uku duk sun cika, kashi 100 ne har yanzu, amma fasinjan da za su isa gari sun ragu. Haka kuma wanda ya shaƙi hayaƙin janareta, irin iyalan da ake kawo mana an kwana da inji a cikin gida. Iskar kabon monoksaid ta kama jinin, na'urar ba ta bambanta ta da oksijin, sai ki ga 98 a yatsan mutumin da ke mutuwa. Ki riƙe wannan, za ki gamu da shi.

Aminu mai magani
Ni ba likita ba ne, a ɗakin magani nake, amma na yi jinyar mahaifina lokacin korona. Ina tsaye a bakin gilashi ba abin da nake kallo sai lambar nan. 94, 95. Shi kuwa Baba kafaɗunsa na ɗagawa, ba ya iya ƙarasa kalma uku ba tare da ya tsaya ba. Na yi magana, aka nuna mini allo aka ce ai yana da kyau. Sai da wani babban likita ya zo ya tsaya ya ƙirga numfashinsa da agogon hannu, ya samu 36, sannan aka canja masa abin oksijin. Allah ya yi masa rasuwa bayan kwana huɗu. Ban ce wani ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma har yau lambar nan 95 tana yi mini gizo.

Sista Rabi
Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinya ta zama kaffara.

Dakta Nura
Amin. Aminu, abin da ka gani yana da tushe, kuma ya shafe mu kai tsaye. A Disambar 2020 Michael Sjoding da abokan aikinsa na Jami'ar Michigan suka fitar da bincike a mujallar New England Journal of Medicine. Sun kwatanta lambar yatsa da gwajin jinin jijiya. A lokutan da yatsa ke nuna 92 zuwa 96, an samu ainihin oksijin yana ƙasa da 88 a kashi 11.7 cikin 100 na awon baƙaƙen fata, fararen fata kuwa kashi 3.6. Ninki uku ke nan. Na'urar haske take harbawa ta cikin yatsa, launin fata kuma yana shafar hasken. Hukumar FDA mai kula da magunguna da na'urorin asibiti a Amurka ta fitar da gargaɗi a kan iyakar na'urar a Fabrairun 2021. A can baƙaƙe tsiraru ne a gadon asibiti. A Kano ko Maraɗi kowane gado namu ne, kuma ba ko'ina ake da injin gwajin jinin jijiya ba. Ba cewa nake a jefar da ita ba, ta ceci rayuka ba iyaka. Amma in ta ce 93 mara lafiya yana haki, ni hakin nake bi.

Sista Rabi
Ku ƙara da lalle. Jan lalle bai cika ba mu matsala ba, amma baƙin nan na amare da fentin farce, sai ka ga lamba tana tsalle ko ta ɓace. Yatsa mai sanyi ma haka. Kullum ina ce wa yarana su dubi igiyar da ke rawa kusa da lambar, in ba ta tafiya daidai da bugu, lambar ba abin yarda ba ce.

Sannan maganar ƙararrawa, kada wani ya ce a mayar da ita 100 shi ke nan. Na yi dare a sashen da monita huɗu ke kuka lokaci guda, wannan waya ta zame daga ƙirji, wancan ya motsa hannu. Kafin asuba kunnenka ya daina ji. Ni da hannuna na sha danna maɓallin shiru ban ɗaga kai ba, kuma duk nas ɗin da ta daɗe a ICU ta san abin da nake faɗa.

Injiniya Bashir
Ba ku kaɗai ba ne Hajiya. Barbara Drew, wadda ita ma nas ce, ta jagoranci wani ƙidaya a asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, aka buga a 2014. Sassan ICU biyar, kwana 31, ƙararrawa sama da miliyan 2.5. Masu sauti kaɗai sun kai 187 a kowane gado a kowace rana. Cikin na rikicewar bugun zuciya da suka bi ɗaya bayan ɗaya, kusan kashi 89 cikin 100 na ƙarya ne. Kafin nan, a 2013, hukumar Joint Commission mai tantance asibitoci a Amurka ta ba da rahoton aukuwa 98 masu alaƙa da ƙararrawa cikin shekara uku da rabi, 80 daga ciki mutuwa ce. Abin da nake roƙo shi ne a riƙa saita iyaka ga kowane mara lafiya idan an karɓe shi. Wanda ya shigo da 88 ba a bar masa iyakar wanda ya shigo da 115. Minti ɗaya ake yi.

Zainab ɗaliba
To ba za a bar wa kwamfuta ta riƙa haɗa lambobin da kanta ta faɗi cutar ba? Na ji ana yi a waje.

Dakta Nura
Ana yi, amma a bi a hankali. Akwai manhajar hango sefsis, wato rikicewar jiki saboda ƙwayar cuta, ta kamfanin Epic da asibitoci da yawa a Amurka suka ɗauka. Da aka gwada ta a Michigan, sakamakon 2021 ya nuna ta tsallake kashi 67 cikin 100 na masu sefsis ɗin, alhali ta yi gargaɗi a kan kashi 18 cikin 100 na duk waɗanda aka kwantar. Wata sabuwar ƙararrawa ke nan a kan waɗanda Hajiya ke fama da su.

Malam Dakta Sani
A nan dai mun haɗu da Nura. Inda muka rabu shi ne wanne za a fara gyarawa, ni har yanzu ina kan ƙafar likita ta isa bakin gado.

Dakta Hadiza
Na gode ƙwarai, iyaye da 'yan uwa. Jiya da daddare na nemo maɓallin da Injiniya ya faɗa, yana shafi na uku a namu. Na buɗe wa kowane gado layin awa takwas lokacin karɓar duti, kuma na taɓa hannun kowa, Malam. Na yi magana da shugabar nas-nas a ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar awo don lissafin Issoufou, ta ce ta yarda amma takardun da ke sito sai sun ƙare, don haka da biro za mu riƙa ja kafin nan. Saitin ƙararrawa ne ban taɓa ba, biyu daga cikin monitocin suna neman lambar sirri, kuma ba wanda ya san ta a sashen.

Injiniya Bashir
Turo mini hoton bayan monitocin ta akwatin sirri, inda aka rubuta samfurin. Wataƙila iyakar mara lafiya ba ta buƙatar lambar, saitin kamfani ne ke buƙata, zan nuna miki bambancin.

Sista Rabi
Hadiza, in za ku ja layin, ku ja biyu. Ɗaya na lissafin, ɗaya na numfashin da aka ƙirga da agogo minti guda cur, ba wanda aka kwafa daga allo ba. Na gaji da ganin 20, 20, 20 tun daga safe har dare.